Ludayi a Hannun Hagu

A shekarar dubu biyu da ɗaya, in ka tambayi kowane lebura a unguwar Tahaggart inda ake cin tuwon da zai riƙe mutum har magariba, ba zai tsaya tunani ba, rumfar Gwamma zai nuna maka. Mutuniyar Damagaram ce, ta ɗan haura hamsin, kuma shekararta goma sha ɗaya a Tamanrasset, can tsakiyar Sahara. Kuka da busasshiyar kuɓewa daga gida ake ɗoro mata su a kamiyo, babbar motar kaya. Daddawa kuwa ba ta yarda da ta kowa ba sai ta ƙanwarta. Magina 'yan Nijar da masu ɗaukar bulo su ne rabin masu cin tuwonta, sauran fataken Najeriya ne da matafiya masu jiran motar arewa. Duk Inna suke ce mata, har da waɗanda suka girme ta.

Gwamma tana da baki, kuma yawanci tana da gaskiya, abin da ke ƙara wa bakin zafi ke nan. Amma abin da ta fi tinƙaho da shi tsafta ce. Kwanonta sai ka ga fuskarka a ciki. Butar wanke hannu tana bakin rumfa, duk wanda ya tsallake ta, ko alhajin ina ne, sai ya koma. Ta sha faɗa cewa ita ba ta da gona ba ta da kanti a garin nan, sunanta kawai gare ta, ran da ya ɓaci sai ta naɗe tabarma ta koma gida.

Cikin sanyin shekarar ne Mahamane ya kawo mata wani Bajamushe. Mahamane mutumin Agadas ne, direban da ke kai baƙi cikin duwatsun Ahaggar. Yana jin Hausa da Tamashek da Faransanci, kuma a duk ukun ba ya son rigima. Baƙon nasa dogon tsoho ne ɗan shekara saba'in da ɗaya, da furfura har cikin kunne, sunansa Ortwin Hasselkamp. Ba wanda ya wahalar da harshensa a kan wannan suna. Da yake kullum da ɗan katako a hammatarsa, sai aka ce masa Mai Katako, kowa ya huta.

"Yaya Gwamma, so yake ya zana ki," in ji Mahamane. "Ba foto ba ne, a kan ice yake yi."

"Ya ci abinci?"

"Bai ci ba."

"To ya wanke hannu ya ci tukuna, sannan mu yi magana."

Ya wanke, ya ci, da cokali dai, amma ya share kwanon tas. Wannan ya sa ta ba shi benci a gefen rumfa. Kwana uku ya yi yana kallonta tana kwasar tuwo da mara tana zuba miya da ludayi, shi kuma yana jan fensir kai tsaye a kan katakon. In ciniki ya lafa sai ta sa Mahamane ya tambayo mata asalinsa, don ba ta barin mutum ya zaune mata rumfa ba ta san ɗan waye ba.

Abin da ta tattara shi ne, an haife shi a wani ƙaramin gari na bakin kogi a arewacin Jamus. Ubansa kafinta ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba, abin da ya bar wa gidan akwatin kayan aiki ne kawai. Yana ɗan shekara sha shida ya shiga wani gidan buga littattafai, inda wani tsohon ma'aikaci ya nuna masa sana'ar: ka zana hoto a katako, ka ƙwaƙule duk inda kake son ya fito fari, ka bar saura, ka shafa tawada, ka danna takarda. Tun daga nan bai yi wani aiki ba. Littafi hamsin da biyu ya yi wa hotuna, da na tatsuniyoyin yara, da na waƙoƙin masunta, da kalandar manoma shekara tara a jere. Sau biyu aka ba shi lambar yabo, ɗaya a jirgin ƙasa ya manta ta. Matarsa Laure, Bafaranshiya, ita ta koya masa Faransancin da yake lallaɓawa da shi, ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Littafin da ya kawo shi yanzu, na mutanen da ke neman abinci a bakin hanyar Sahara, shi ne na hamsin da uku, kuma daga shi zai ajiye wuƙa, don hannunsa ya fara rawa da safe.

"Shekara hamsin da biyar a sana'a guda," in ji Gwamma. "To wannan mutum ne." Ta ƙara masa nama ba tare da ya tambaya ba.

Bayan sati uku ya dawo da takarda a naɗe, ya warware mata a kan benci. Baƙi ne da fari kawai, amma Gwamma ce sak, da ɗaurin kallabinta, da tsagen kumatunta, har yadda take ɗaga gira in wani ya ce miya ta yi kaɗan. Tururi yana tashi daga tukunya layi-layi. Ta ji daɗi ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Ta sa aka manna mata takardar a kwali, ta rataye a ginshiƙin rumfa inda duk mai shigowa zai gani.

Harisu ne ya tono abin. Magini ne mutumin Maraɗi, irin mutanen da ba sa iya cin tuwo baki a rufe. Ya tsaya gaban hoton da kwano a hannu, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Inna, ashe da hagu kike zuba muna miya duk shekarun ga?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Gwamma ta buɗe baki za ta wanke shi, sai idonta ya sauka kan hoton. Ga matar nan dai, ga kwano a damanta, ga ludayi cike da miya a hannun hagu. Kwana biyu hoton yana rataye, ita da take ganin ƙuda tun yana bakin titi, ba ta lura ba.

Da farko wasa ne. Amma wasan leburori tafiya yake yi, daga wannan gini zuwa wancan, kuma a hanya yake rasa dariyarsa. Kafin sati ya zagayo, sababbin zuwa suna tambayar ina ne rumfar Mai Hagu. Wani ya ce anasara abin da ya gani yake zanawa, wa ya san yadda take yi in ba idon mutane. Alhaji Rashidu, falken dabino da ya shekara shida yana ci a wurinta, ya zo ya tsaya yana bin hannunta da kallo, sannan ya ce ai ya tuna azumi yake yi. Ranar Talata ce kuwa. Ta sauke hoton ta kife shi a ƙarƙashin benci, abin ya ƙara muni, don yanzu cewa ake ta ɓoye. Ranar Jumma'a ta koma gida da rabin tukunyar tuwo, abin da bai taɓa faruwa da ita ba ko a watan da ta fara. Ranta ya ɓaci matuƙa, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro.

Mahamane ya zo lallashi, ya ɓata goma. "Ki kwantar da hankali, Yaya. A cikin littafi zai fi haka kyau. Dubu uku za a buga."

"Dubu nawa?"

"Uku."

"Da wannan hannun?"

Ya hau gyaran rawani.

"Ta da motarka," in ji Gwamma.

Mai Katako ɗaki ya kama a wani lambu a Outoul, bayan gari. Suka same shi bayan azahar a gindin ɓaure, da tebur a gabansa, ɓarɓashin ice har cikin gemu. Gwamma ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi sanyi, sannan ta shimfiɗa hoton a teburin ta ɗora yatsa kan ludayin.

"Ka tambaye shi, mi na yi masa da zai yi mini ƙarya?"

Mahamane ya juya maganar, ya zuba mata ruwa a hanya. Gwamma ba ta yi lekkol ba, wato boko, amma shekara sha ɗaya tana ma'amala da jandarma da 'yan dowan masu aikin kwastan, ta san kalmar ƙarya da Faransanci, kuma ba ta ji ta ba. "Faɗa masa yadda na faɗa," ta ce. Ya faɗa.

Tsohon bai fusata ba. Ya shiga ɗaki ya fito da katakon, ya ajiye kusa da takardar. A kan katakon, ludayin yana hannun dama. Ya shafa tawada, ya ɗora farar takarda, ya goge bayanta da bayan cokali, ya ɗaga a hankali. Ludayin ya koma hagu. Nan take ta gane, don ta sha ganin hatimin 'yan dowan, rubutunsa a juye yake a jikin roba, sai an buga ya miƙe.

"To ya san haka zai faru?"

Ya sani mana, in ji shi. Tun yana sha shida ya sani. In rubutu ne yakan juya shi. Amma mutane, shekara hamsin da biyar yana zana su yadda ya gan su, takarda tana juya su, masunta da manoma da sarakunan tatsuniya, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Hannu ai hannu ne.

"A wurinku," in ji Gwamma. "Ka gaya masa abin da ake yi da hagu a wurinmu. Kada ka ji kunya, gaya masa."

Mahamane ya ji kunyar, amma ya gaya masa. Kunnuwan tsohon suka yi ja. Ya ce ya yi baƙin ciki, bai sani ba. Amma abin da wuƙa ta cire ba ya komawa, katako ba a gyara shi. Kuma shi bai taɓa sake sassaƙa hoto don wani ya ce a sake ba. Akwai mai gidan buga littattafan da ya taɓa cewa ya canza wutsiyar wani kare, ya kwashe katakansa ya fita, littafin bai fito ba har yau. Zai iya rubutawa a ƙarƙashin hoton cewa a zahiri da dama take zubawa.

"Harisu zai karanta Jamusanci?" ta tambaya. "Karen can tuwo yake sayarwa?"

Tsohon ya ce ban da haka, katakon da ya zo da su daga gida saura ɗaya, icen garin nan kuwa ba ya karɓar wuƙarsa. Wannan ɗayan ya ajiye shi ne don dutsen da zai hau bangon littafin, hotonsa na ƙarshe a duniya.

Gwamma ta gyara mayafi. "Ka ce masa dutse ba shi da dama ba shi da hagu. Ya juya shi yadda ya ga dama, ba wanda zai fasa cin abinci a wurin dutse. Shi ya yi suna da hannunsa, na ji, na kuma girmama shi. Ni ma da hannuna na yi nawa. Shi zai ajiye wuƙa ya huta, ni gobe da asuba zan hura wuta. Ba zan bari sunansa ya cinye nawa ba."

Wannan karon Mahamane bai rage komai ba, ta ga alama a fuskar tsohon. Ya daɗe yana juya wuƙa a hannu. Sannan ya yi wata gajeriyar dariya, irin ta wanda aka kayar da shi a wasan da ya iya. Ya ce zai sake, amma da sharaɗi. Shi ba ya kwafar hoto daga takarda, ba ya kuma zane ta madubi. Ya gwada duka biyun da ƙuruciya, hannayen da suka fito kamar na gawa. Abin da ke gabansa yake zanawa. In tana son ludayi ya fito a dama a kan takarda, sai ta riƙe masa shi da hagu.

Sai da Mahamane ya maimaita sau biyu. Wato don a wanke ta daga abin da ba ta yi ba, sai ta yi shi. Ta ji kamar ta kwashe hotonta ta tafi. Amma ta tuna rabin tukunyar nan ta ranar Jumma'a.

"A gidana," ta ce. "Ƙofa a rufe. Ruwa zan sa a tukunyar, ba miya ba. Kai kuma Mahamane bango za ka kalla, in ka waiwayo ban yafe ba."

Haka aka yi washegari bayan la'asar. Tsakar gidan ɗan ƙarami ne, da murhu a kusurwa. Mai Katako ya zauna a turmi da katakonsa na ƙarshe a gwiwa. Mahamane ya fuskanci bango kamar wanda aka kama a lekkol. Gwamma ta yi bisimilla a zuci, ta nemi gafara, ta ɗauki kwano da dama, ta miƙa hagu ta kama ludayin.

Ta ɗebo ruwa ta zuba, ta mayar, ta sake ɗebowa. A karo na uku wuyan hannun ya juya da kansa, ruwan ya sauka a tsakiyar kwano ko ɗigo bai fantsama ba. Ludayin ya yi mata sauƙi kamar ba komai a ciki. Gabanta ya faɗi, don ta san wannan sauƙin.

Bahaguwa aka haife ta. Ba wanda ya san haka a Tamanrasset, ko mijinta marigayi bai sani ba. Tana 'yar shekara shida goggonta ta ɗauke ta riƙo, ta ga da hannun da take kai loma, ta ce wannan ba zai yiwu a gidanta ba. Damina biyu hannun yana ɗaure a cikin zane daga safe zuwa yamma. In ya kuɓuce ya kai ga kwano, muciya ce ke tarbarsa. Goggo ba muguwa ba ce, gata take yi mata, kuma Gwamma ta sha gode mata a zuci, don da dama ta yi aure, da dama ta ci abinci a garin mutane. Amma damar nan koyo ta yi. Shekara arba'in da biyar tana aiki da ita kamar mai magana da harshen da ba nasa ba, daidai, ba kuskure, kullum da lura. Shi ya sa maganar Harisu ta shige ta fiye da yadda kowa ya zata.

Yanzu ga hannun da aka hana yana ta aikinsa, bai manta komai ba. Ta ji daɗi, ta ji kunyar jin daɗin, hawaye suka taru mata, ta ƙi barin su su zubo.

Fensirin tsohon ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi fuskarta. Mutumin da ya shekara hamsin da biyar yana kallon hannayen mutane ba ya bukatar a gaya masa. Bai bi ta kan Mahamane ba, ya tambaye ta da kansa, a hankali, da Faransanci mai sauƙi, tun yaushe.

Ta ajiye kwanon, ta ɗaga masa yatsu shida, ta nuna tsawon yarinya daga ƙasa.

Ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsa a leɓensa, ya koma kan katakonsa.

"Mi yake cewa?" in ji Mahamane daga jikin bango.

"Cewa ya yi ka ci gaba da kallon bango."

Sau biyu ya ɗaga tafiyarsa saboda aikin, don sai rana ta ɗaga hannunsa yake daina rawa. Kwana goma sha shida ya ɗauka. Ran da ya gama ya zo rumfa da abu biyu, sabuwar takarda da tsohon katakon. Ya ce bai taɓa lalata aikinsa da hannunsa ba, ba kuma zai fara yanzu ba, amma katakon nata ne. Gwamma ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin tukunya a gaban kowa. Ya ci wuta da kyau. Tsohon ya tsaya har ya cinye, sannan ya wanke hannu ya zauna, ta zuba masa. Bangon littafin, in ji shi, sai ya fita ba dutse.

Ta rataye sabon hoton da tsakar rana, lokacin da rumfa ta fi cika, don ta aika an gaya wa kowa. Har Alhaji Rashidu ya zo, ba azumi. Mahamane ya ɗauko hatimin wani ɗan kasuwa ya buga a kwali, ya nuna musu yadda katako ke juya abu, waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar suka fi kowa cewa dama su sun sani.

Harisu ya matso da kwanonsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ludayi yana dama. Miya tana sauka a tsakiyar kwano, wuyan hannun a sake, kamar zai motsa.

"Yanzu kam ga Inna," ya ce. "Wancan na farko hannun a sandare yake, ban yarda da shi ba tun farko. Amma wanga, ko cikin dubu na san shi. Shekara huɗu yana zuba mini miya."

"Ci tuwonka, Harisu, yana hucewa."

Ta ɗaga kai ta dubi hoton sau ɗaya. Hannun da aka ɗaure damina biyu ne a ciki, yana ba mutane abinci a fili, kuma haka zai shiga gida dubu uku ba wanda zai kau da kai. Mutum biyu ne suka sani a duniya, ɗaya jirginsa gobe ne. Layi ya kai bakin titi. Ta goge hagun a zane, ta mayar da shi ga riƙon kwano, ta ɗauki ludayi da dama ta ce na gaba ya matso.